Hannun da Kulu Take Miƙawa

Ban taɓa mantawa da ranar da aka sauko da Kulu daga jirgin ruwa aka kawo mana ita ba, kuma ba na jin zan manta ko bayan na ajiye farar rigar nan. Tunda yau aiki ya yi sauƙi, ku jawo kujeru in ba ku labarin. Kai mai danne-dannen waya, ajiye ta, ba guduwa za ta yi ba. Jiya na ji ɗayanku yana gunaguni, wai don me a asibitin nan duk wanda ya zo karon farko sai an auna masa hawan jini a hannu biyu, alhali hannu ɗaya ya isa. To, ba don a wahalar da ku aka sa dokar ba. Daga kan Kulu ta samo asali, kuma ina tsaye a wurin.

Ni dai kun san ni, Tanko, shugaban ɗakin gwaji. A lokacin mataimaki nake, mai gidana kuwa ya tafi hutu, don haka komai a wuyana yake. Ga wanda bai san tsarinmu ba, likita shi ke duba mara lafiya ya yanke shawara, nas ita ke kula da shi a gado, mu kuma abin da ya fito daga jikinsa muke gani: jini, fitsari, majina da sauransu. Sau da yawa mun san jinin mutum ba mu san fuskarsa ba. A shekarar ne aka kawo mana ɗan injin can da ke kusa da firij, wanda kuke rainawa don bai fi akwatin rediyo girma ba. Kafin zuwansa, in ana son irin gwajin da yake yi, sai dai a tura mutum Sakkwato.

Bari in faɗa muku abin da yake aunawa da Hausa, don in dangin mara lafiya suka tambaye ku kada ku tsaya kuna inda-inda da Turanci. Zuciya ba bugawa kawai take yi ba. In aiki ya yi mata yawa, jini ya cika ta har bangonta ya miƙe, sai ta saki wani sinadari cikin jini. Sinadarin saƙo ne zuwa ga ƙoda, cewa ta zubar da gishiri da ruwa a rage wa zuciya kaya. A takarda haruffa uku muke rubuta masa, BNP, amma ni kukan zuciya nake ce masa. Mai lafiya kaɗan ne a jininsa. In ya yi yawa, to zuciya tana cikin wahala. Sai dai ku riƙe wannan da kyau: ba ya faɗin sunan ciwo. Tsufa yana ɗaga shi, ciwon ƙoda yana ɗaga shi, ƙiba kuma takan sa ya fito ƙasa da yadda ya kamata. Abin da yake faɗi kawai shi ne a duba zuciya, sauran aikin na likita ne.

Tsakiyar damina ne, ruwa ya fara cikowa, kuma ranar ta faɗo ranar kasuwa, jirage sai shigowa Yelwa suke yi da kifi da mutane. Da hantsi aka shigo da wata matashiya a keken marasa lafiya, tana numfashi sama-sama. Ita ce Kulu. Ba za ta wuce shekara ashirin da 'yan kai ba, tana da yaro ɗaya, sana'arta bandar kifi a wani ƙauye na bakin ruwa gaba da Wara. Mijinta yana can saman gulbi wajen kamun kifi, saƙo bai riske shi ba tukuna. Mahaifiyarta ce ta kawo ta, wata doguwar tsohuwa mai kaifin harshe da ake kira Inna Ige. Kulu 'yar farinta ce, shi ya sa ba ta kama sunanta, sai dai ta ce "yarinyag ga".

Bayanin da suka bayar shi ne wanda muke ji kullum. Watanni tana fama da zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ga kasala, ga rama, ga ciwon gaɓoɓi. An yi mata maganin maleriya har an gaji, an yi na taifod, an sha jiƙe-jiƙe. Duk inda aka auna ta sai a ce jininta ya yi ƙasa, sai a rataya mata ledar ruwa. Kun san mutanenmu da ƙarin ruwa. In ba a rataya leda ba, a wurinsu ba a fara magani ba.

Sista Asabe ce ke aiki a ɗakin mata, nas ce da ta daɗe a aiki, ba mai wasa ba. Ta ce wa Kulu ta kawo hannu, Kulu ta miƙo na dama. Awo ya nuna tamanin bisa hamsin, wato ƙasa sosai. Ta taɓa wuyan hannun, bugun jini da kyar take jin alamarsa, hannun kuma sanyi ƙalau. Kowace nas ta ga haka abu ɗaya za ta yi tunani, cewa jiki ya bushe, jini ya faɗi. Ta sa ruwa kamar yadda ƙa'ida ta ce, ta aika a kira likita.

Likitar da ke bakin aiki ita ce Dakta Rahila, 'yar Zuru, ba ta daɗe da gama hidimar ƙasa ba. Yarinya ce mai sanyin magana, amma in ta kafe a kan abu ba ka iya ture ta. Ta saurari ƙirjin Kulu ta ji ƙasan huhu yana ƙarar ruwa, ta ga ƙafafu sun ɗan tasa. Abin bai yi mata daidai ba. Ta rage gudun ruwan ya koma ɗigo-ɗigo, sannan ta tako da kanta har ɗakin nan da kwalaben jini a hannu.

Ta ce, "Baba Tanko, ina da mara lafiya da ta ɗaure mini kai. Awo yana cewa in ƙara mata ruwa, ƙirjinta yana cewa kada in kuskura. Ko dai nimoniya ce ta kayar da jininta, ko kuma zuciya ce. A yi mini na zuciyar, a haɗa da na kumburi da na ƙoda."

Na ce, "An gama, Likita. Amma yarinya ƙarama haka, zuciya?"

Ta ce, "Ni ma ina fata in ji kunya."

Na juya jinin a wani inji daban, ruwansa ya taso sama. Na ciro ɗan allon gwajin daga firij, na bar shi ya huce sanyi, don in ka yi gaggawa ka sa shi da sanyinsa ƙarya zai yi maka. Na ɗiga, na tura shi cikin injin. A gefe kuma na tsayar da doguwar kwalbar nan siririya da muke zuba jini mu ga saurin da jajayen ƙwayoyi suke kwantawa. In akwai kumburi a jiki, da sauri suke zubewa ƙasa.

Da injin ya yi ƙara na leƙa, sai da na cire tabarau na goge. A mai shekarun Kulu lambar ba ta kamata ta wuce ɗari da 'yan kai ba, ita kuwa ta haura dubbai. Na ce kai, wannan inji yau ya sha zafi. Da safen an ɗauke wuta, sola ce ke riƙe da firij, don haka zargina ya tafi kan allunan. Na ɗauko ruwan gwaji na kamfani wanda an riga an san lambarsa, na sa, injin ya faɗi daidai. To fa. Na duba doguwar kwalba, jini ya zube ƙasa sosai, alamar kumburi mai ƙarfi. Ƙoda kuwa ta ɗan taɓu, amma ba ta kai ta ɗaga lamba haka ba.

A aikinmu, in sakamako ya yi nisa da abin da ake tsammani, ba ka sa hannu sai ka tabbata jinin na mai shi ne. Ranar kasuwa kwalabe suna da yawa, musanya ba wuya. Na aika wa likita lambar farko da baki, na ce ta ɗauke ta da rabin hannu, zan zo in ɗebi sabon jini da kaina. Na ɗauki tirena na nufi ɗakin mata.

Na tarar an jingina Kulu da matashi, tana jan numfashi kamar wadda ta hau tudu da kaya. Ledar ruwa tana rataye a kanta, allurar tana bayan tafin hannunta na hagu. Inna Ige tana zaune a kan tabarma kusa da gado, idonta a kan ledar. Dakta Rahila tana gado na gaba tana duba wata.

Na yi sallama, muka gaisa. Inna Ige ba ta bari na zauna ba ta ce, "Likita, kai babba ne, ka yi musu magana. Ruwanga ba shi tahiya. Can inda munka saba zuwa, kahin yanzu an sa na biyu."

Na ce, "Inna, ni ba likita ba ne, mai gwaji ne. Ki ba mu ɗan lokaci."

Na ce wa Kulu ta kawo hannu. Duk da wahalar da take ciki sai da ta yunƙura ta gyara zama, ta miƙo hannun dama, ta tallabe gwiwarsa da na hagu, yadda yarinya mai tarbiyya take miƙa wa babba abu. Na ɗaure, na ɗebi jinin, na danna mata auduga na ce ta riƙe. Ni ma na ji sanyin hannun, amma ban kawo komai a raina ba. Ina cikin rubuta suna a kwalba murfin alƙalamina ya faɗi kan zanen gado. Kulu ta ɗauka ta miƙo mini da hannun hagu, wanda ke da allurar ruwa.

Wallahi sai ka ce an taka Inna Ige. Ta miƙe ta ɗaka mata duka a bayan hannu.

"Ke! Da hagu? Ga babban mutum? Har nan ma sai kin kunyata ni?"

Na ce, "Haba Inna, mara lafiya ce. Ni ban ɗauke shi komai ba."

Ta ce, "Ai ba yau ta fara ba, Malam. Tun bara yarinyag ga ta koyi halin banza. Ruwa ta miƙo mani da hagu, tuwo da hagu. In ta shiga jirgi, hilahilin tuƙi da hagu. Ta ɗauki taɓarya, bugu kaɗan sai ta aje wai hannu ya mutu. Ƙiwuya ce da rashin kunya. Ni ban haihi bahaguwa ba. Na ce mata in dai da hagu ne, kada ta ƙara miƙo mani abinci, ba ni ci."

Kulu ta janye hannun. Ta sunkuyar da kai, hawaye suna ɗiga a kan zanenta. Tausayinta ya kama ni ƙwarai.

Ban san lokacin da Dakta Rahila ta bar wancan gadon ba, sai ganinta na yi a gefena. Ta durƙusa daidai fuskar Kulu ta ce, "Kulu, in kina daka, me hannun daman yake yi miki?"

Da kyar ta ce, "Nauyi yake yi, Likita. Ya yi tsami, yatsu su mutu. In na huta sai ya dawo. In na ci gaba sai abu ya suɓuce mini."

"To da kika zo asibiti, me ya sa kike ba mu shi?"

Kulu ta ɗago ta dube ta kamar an yi mata tambayar yara. Ta ce, "Ya za a yi in miƙa wa likita hagu?"

Dakta Rahila ta dube ni, na dube ta. Ta ɗaga murya ta ce, "Sista, kawo abin awo."

Sista Asabe ta kawo, ta rufe ruwan, ta naɗa madaurin a damtsen hagu, ta matsa iska. Na ga ta tsaya, ta sake matsawa, ta ƙara matsawa. Ta saki iskar a hankali tana saurare, sannan ta cire abin daga kunne ta ce, "Ikon Allah. Likita, ya haura ɗari biyu." Likita ta karɓa ta auna da kanta, haka ne. Aka koma dama, tamanin. Mutum ɗaya, zama ɗaya. Ta taɓa wuyan hannun hagu, bugu kamar ganga. Ta ɗora abin saurare a saman ƙashin wuya na dama, ta saurara, sannan ta miƙa wa Sista ta ce ta ji. Wai wani huci ake ji, irin na ruwan da ke kutsawa ta matsattsen wuri.

Ta miƙe ta ce, "Cire ledar nan gaba ɗaya. A bar allurar a hannu. Kawo allurar fitsari, a sa mata iska, a ƙara ɗaga ta zaune. Baba Tanko, injinka bai yi ƙarya ba, amma je ka maimaita don mu kwana da sani."

Bari in fassara muku abin da ta gano, kamar yadda ta fassara mana daga baya. Akwai wani ciwo da garkuwar jiki take juyawa ta far wa manyan jijiyoyin jini, wato babbar jijiyar da ta fito daga zuciya da rassanta. Bangonsu ya kumbura, ya yi kauri, hanya ta tsuke. An fi ganinsa ga mata matasa, kuma ba kasafai ake haɗuwa da shi ba. A littafi sunan wani likita ɗan Japan aka laƙaba masa, mu kuwa a nan ciwon ɓatan bugun hannu muke cewa. A jikin Kulu reshen da ke kai jini hannun dama ya tsuke, shi ya sa hannun yake sanyi, yake mutuwa in ta yi aiki, kuma duk awon da aka yi a kansa ƙasa zai nuna. Ga alama reshen da ke zuwa ƙoda ma ya tsuke, shi ya haifar da mugun hawan jini. Zuciya ta yi watanni tana turawa da ƙarfin tsiya har ta gaji, ruwa ya fara taruwa a huhu. Duk wannan lokacin ana auna hannun da jini ba ya isa, ana cewa ya yi ƙasa, ana ƙara mata ruwa.

Da Sista ta sauke ledar, Inna Ige ta tashi tsaye ta tare ta.

"Mi ke nan? Kun ce jini ya yi ƙasa, kuma ku cire ruwa? Kashe ta za ku yi? In ba ku iyawa ku ba ni ita in mai da ta inda anka san aiki!"

Ta fara naɗe tabarma, kuma da gaske take. Na san in ta fita da Kulu, kafin la'asar an rataya mata wata ledar a wani shago, kuma zuciyar nan ba za ta ɗauka ba. Likita tana kan mara lafiya, ba ta da lokacin gardama. Ta yi mini ido, na ja tsohuwar zuwa baranda.

Na ce, "Inna, ke 'yar ruwa ce, ni ɗan tudu ne, don haka ki gyara mini in na yi kuskure. In jirgi ya sha ruwa a tsakiyar gulbi, ya fara nutsewa, me ake yi?"

Ta harare ni ta ce, "Kwarhewa a kai, mana."

Na ce, "To zuciyar ɗiyarki ta sha ruwa. Na gani a jininta, ita zuciyar da kanta take neman a kwarfe. Allurar da aka yi mata yanzu ita ce ƙwaryar. Ledar can kuwa ƙari ce."

Can ta ce, "To awon da anka yi ta yi mata fa? Duk ƙarya ne?"

Na ce, "Ba wanda ya yi ƙarya. Hannun daman ne ba shi da lafiya, jini ba ya isarsa. Shi ya sa take sauke taɓarya. Shi ya sa take miƙo miki da hagu."

Ban so in faɗi ta ƙarshen ba, amma ta riga ta fita. Inna Ige ta dube ni. Ta zauna a kan dakalin baranda da tabarmar a cinya, ta ja gefen mayafinta ta rufe fuska. Na bar ta a nan na dawo na sa jini na biyu, lambar ta fito kusan daidai da ta farko, na sa hannu.

Kafin la'asar Kulu ta yi fitsari mai yawa, numfashinta ya fara sauka. Likita ta bi hawan jinin a hankali, don in ka kayar da shi farat ɗaya wata ɓarnar ce. Aka rubuta da manyan baƙaƙe a kan gadonta cewa hagu kawai za a auna. Ni kuma aka ba ni majinarta in duba tarin fuka, saboda maganin da ke kwantar da irin wannan kumburi yana rage ƙarfin garkuwa, in akwai tarin fuka a ɓoye sai ya tashi. Babu. Da ta samu ƙarfin tafiya, mijinta ya iso, aka tura su babban asibiti a Sakkwato, inda aka ɗauki hoton jijiyoyin aka tabbatar da abin da Dakta Rahila ta zata. Suka ɗora ta a kan magani, suka ce ta riƙa zuwa wurinmu ana bibiya, tunda hanya da nisa.

A nan ne na ga amfanin ɗan injin nan sosai. Duk zuwan Kulu sai in yi gwaji biyu, na kumburi da na zuciya, likita ta ajiye su kusa da na baya. Suka riƙa sauka tare, wata bayan wata, har lambar zuciyar ta dawo ɗaruruwa. Akwai zuwan da ta yi tana dariya, ta ce ita ta warke sarai, amma na ga lambobin biyu sun juya sama. Likita ta zaunar da ita, da lallashi ta faɗi gaskiya. Maganin ya kumbura mata fuska, mata a bakin ruwa suna tsokanarta, sai ta daina sha. Jikinta bai fara gaya mata ba tukuna, amma jini ya riga ya nuna. Aka yi waya da likitocin Sakkwato, aka daidaita maganin, aka ja mata kunne a kan gishiri da kanwa da dunƙulen miya. A zuwa na gaba lambobin sun koma sauka.

Ba zan ce muku ta warke ba, don irin wannan ciwo lallaɓa shi ake yi. Hannun dama bai dawo ba. Har yau in ka taɓa wuyansa ba za ka ji komai ba, kuma ba ta daka, ba ta tuƙi da shi. Amma tana raye, tana bandarta, yaronta ya shiga makaranta.

Zuwan da na fi tunawa shi ne wani da suka yi bayan Dakta Rahila ta koma ƙarin karatu. An kawo sabuwar nas, ba ta san Kulu ba. Ina wucewa ta ɗakin awo na ji ta ce, "Kawo hannu." Kulu kuwa, da duk abin da ya faru, sai ta miƙa dama, har da tallabe gwiwa. Abin da aka koya wa mutum tun yana rarrafe ba ya fita da sauƙi. Kafin in buɗe baki, Inna Ige ta kama hannun ta sauke shi a hankali kan cinyar Kulu, ta naɗe mata hannun rigar hagu da kanta, ta ce wa nas ɗin, "Ba wanga ba, ɗiyata. Wancan za ki auna."

Da suka gama suka biyo ɗakin nan. Kulu ta kwance wani ƙulli, kifin banda ne mai kyau, irin wanda ba a kai wa kasuwa. Ta ɗauko da hagu, ta miƙo rabi, sai ta tsaya ta saci kallon uwarta.

Inna Ige ta ce, "Miƙa mai. Karɓi, Malam." Sannan ta ce, "Wata nawa yarinyag ga tana kawo mani tuwo ina ture shi. Ita ta dahwa, da hannu guda, ta kawo, in ce ba ni ci. Ba ta taɓa ce mani komi ba. Yanzu in ba ita ta miƙo mani ba, abincin ba shi yi mani daɗi."

Ni da ba na karɓar kyauta a wurin aiki, ranar hannu biyu na sa na karɓa. Sai da na juya na yi kamar ina neman abu a firij, don idona ya cika.

Bayan wannan ne shugaban asibiti ya tara mu aka mai da awon hannu biyu doka. To ga abin da nake so ku tafi da shi. Injin nan ya yi aikinsa, ya ce zuciya tana wahala a lokacin da kowa yake kallon wani wuri, kuma in ya ba ku lambar da ba ku zata ba, ku gwada shi, ku gwada kanku, kada ku yi saurin cewa ya lalace. Amma bai san dama ba, bai san hagu ba. Da na zauna a nan na aika masinja ya ɗebo jinin, da ban ji faɗan Inna Ige ba, da likita ma ba ta ji ba. Mutanenmu masu kunya ne. Za su zo muku a galabaice, su gyara zama, su gaishe ku, su ce da sauƙi, su miƙo muku hannun da aka koya musu a gida, ko da shi ne ya kusa kai su kabari. Ba za su taɓa miƙo ɗayan da kansu ba. Ku ne za ku ce, "Kawo wancan ma in gani."